Giɓi a Murmushin Jagora

A bayan ido Uwar Tafi ake ce mata, a gabanta kuwa sai dai "Shugaba". Ita Jam'iyya ta ɗora a kan matan sashen saƙa na babbar masaƙar da ke bakin gari. Ba ta taɓa zare, ba ta kusantar inji. Kayan aikinta usur ne da ido. In an yi taro ita ke nuna lokacin fara tafi, ita ke nuna lokacin ɗaga hannu, ita ce kuma ke lura da wadda hannunta ya yi nauyin tashi. A ƙasar tasu Jagora ɗaya ne, Jam'iyya ɗaya, jarida ɗaya, kuma haka ta buɗe ido ta tarar.

A da ita ma a gaban inji take wuni, kafaɗa da kafaɗa da aminiyarta da ake kira Barkono saboda zafin baki. Da mijinta ya rasu ya bar ta da tsohuwar uwarta mai ciwon gwiwa, sai aka yi mata tayin usur, haɗe da ɗaki biyu a ƙasan benen ma'aikata, inda Inna ba sai ta hau matakala ba. Ta karɓa. Tun daga ranar, duk inda ta sa ƙafa hira sai ta mutu kamar an watsa wa garwashi ruwa. Barkono ma ta koma gaishe ta da "Ina kwana, Shugaba," idonta a ƙasa.

A wannan shekarar aka shirya gangamin da ba a taɓa yin irinsa ba. Ma'aikatan gari kaf za su zauna a filin wasa, kowa riƙe da kwali mai launi, in an busa ƙaho a ɗaga gaba ɗaya, sai fuskar Jagora ta bayyana ta cika gefen filin. 'Yan kamfanin siminti ne goshi, malaman makaranta idanu, ma'aikatan jirgin ƙasa gashin baki. Matan sashen saƙa aka bai wa fararen kwalaye, su ne haƙoran gaba. Sun daɗe suna atisaye bayan tashi daga aiki, ɗaga, sauke, ɗaga, har kafaɗunsu suka daina jin ciwo.

Ranar gangamin an wayi gari da yayyafi. Tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi, rediyon da ke manne a bango yana ta kirari. Kowane ɗaki a benen yana da irinsa, kuma ba a yi masa makunni ba, sai dai a rage shi. Inna ta rataya masa tawul, wai don kada ya yi datti.

"Yau ne za ku zama haƙoran?" in ji Inna daga kan gado, tana juya shayinta.

"Inna, rage murya."

"Ikon Allah. Ni ko ɗaya babu a bakina, ɗiyata kuma ita ce haƙoran ƙasa duka."

Ta danne dariyar, ta ajiye wa tsohuwar magani kusa da hannu, ta rataya usur a wuya ta fita.

Doguwar bas ɗin masaƙa na jira a bakin ƙofa. Mai tuƙa ta dattijo ne mai furfura a gira, kowa Baba Direba yake ce masa, mutum ne da ba ya gaggawa ko a magana. Matan suka shiga cikin riguna iri ɗaya, aka jibge kwalayen a kujerar baya, ita kuma ta zauna a gaba kusa da ƙofa.

Ba su yi nisa ba suka tarar da shinge. Wani soja ya ɗaga hannu.

"Baba, nan a rufe take, jerin motocin manya zai wuce. Bi ta hagu."

Suka bi ta hagu. A can ma shinge, wani sojan ya ce su bi ta bayan tashar jirgi. Na bayan tashar ya ce bai san komai game da filin wasa ba, shi dai an ce kada ya bar kowa ya karya dama. Kowanne ya san umarnin da aka ba shi, babu wanda ya san hanya. A haka suka wuce rumbunan ajiya, suka wuce gidajen ƙarshe na gari, titin ya tsuke, gefensa biyu ramuka cike da ruwan sama, babu inda doguwar mota za ta juya.

"Baba, ina muka nufa?"

"Gaba dai, 'yata. In Allah ya kawo fili sai mu juya."

Yayyafin ya ɗauke. Rana ta leƙo ta tsakanin gajimare, tururi na tashi daga kwalta a hankali, kamar titin numfashi yake yi. Itatuwa suka yi musu rumfa, ɗigon ruwa na faɗowa a rufin motar jefi-jefi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta tagogi. Kawunan wasu matan suka fara lilo. Uwar Tafi ta yi niyyar ta sa su rera waƙar gangami, amma bakinta ya yi nauyi. Gonaki na wucewa kore shar, wata saniya ta ɗago kai ta bi su da kallo. Rabonta da fita bayan gari tun mijinta na da rai, har ta manta sama tana da faɗi haka. Ba ta san lokacin da idonta ya lumshe ba.

Tsayawar motar ce ta farkar da ita. Farin tururi na fita ta gaban gilashi, a bayansa kuma ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido. Wata tsohuwar madatsa ce, ciyawa ta cinye bakinta, ruwan kwance lumui, gajimare na yawo a cikinsa.

"Baba, mene ne kuma?"

"Lagireto ce ta tafasa. Sai ta huce kafin a ba ta ruwa. In na buɗe ta yanzu fatar fuskata za ta saɓule."

"Har zuwa yaushe?"

"To, 'yata, ƙarfe ne. Ba ya jin usur."

Ya sauka ya buɗe gaban motar, ya sami dutse ya zauna. Matan kuwa ko motsi, suna jiran a ce musu wani abu. Zafi ya taru a cikin motar. Wata yarinya mai tsohon ciki ta fara haki tana riƙe baki, sai Uwar Tafi ta miƙe.

"Ku sauka ku sha iska. A layi. Kada wadda ta yi nisa."

Suka sauka suka jeru suna fuskantar ruwa. Abin da ya fara damun su shirun ne. A gari kowane lungu da lasifikarsa, kowane ɗaki da rediyonsa, kunnensu ya saba da murya a kansa kamar yadda kai ke sabawa da kaya. Nan kuwa sai kukan kwaɗi can nesa, da ruwa na lasar duwatsu. Wata ta sa yatsa a kunne ta girgiza.

Iya mai shara, wadda ta girme su duka, ita ta fara fita daga layi. Ta tuɓe takalmanta ta jera su, ta taka a hankali har ruwa ya rufe mata idon sawu, ta ce, "Wash! Allah na gode maka." Wata ta bi ta. Wata ta durƙusa ta wanke fuska. Layin ya narke kamar sukari a shayi.

Uwar Tafi ta kai usur baki ta busa da ƙarfi. Ƙarar ta tsallaka ruwan, sai ga fararen tsuntsaye sun tashi daga cikin ciyawa, garke guda, suka yi sama suna juyi. Matan suka waiwayo suka dube ta, sannan suka ɗaga kai suna bin tsuntsayen da kallo har suka ɓace. Babu wadda ta dawo layi. Ba su yi mata tsawa ba, ba su harare ta ba, sun dai ci gaba da abin da suke yi. Ta dubi usur ɗin a tafin hannunta. Ɗan gwangwani ne da ƙwallo a ciki. Shekara da shekaru ta ɗauka shi ke tsayar da mata, shi ke zaunar da su, ashe su ne ke tashi su zauna da ƙafafunsu.

Sai da rana ta take tsaka Baba Direba ya ɗebo ruwa a galan ya ɗura wa motar, ya tayar da ita ta amsa. Ya murɗa rediyon gaba. Muryar mai sanarwa ta fito tana rawa don murna: an rufe ƙofofin filin wasa, motar Jagora ta shigo. Ya kashe. Rediyon mota kaɗai ke da makunni a duk ƙasar, shi ma don batir.

Matan suka taru a jikin motar, ƙafafunsu jiƙe, duk idanu a kanta.

"Shugaba, yaya za a yi?"

Ta buɗe baki, ta lalubi umarnin da ya dace, ta rasa. Ba a taɓa gaya mata abin da ake yi ba in an makara.

"Ban sani ba," ta ce.

Ba su taɓa jin wannan daga bakinta ba. Sai wata mai tabarau, wadda ɗanta ke makarantar sojoji, ta matso tana murza hannu.

"Don girman Allah mu tafi. Ko a bakin ƙofa ne a gan mu. In aka ce uwarsa ba ta je ba, korar yaron nan za a yi."

"A gan mu a yi mana me?" in ji Barkono. "A tsugunar da mu a rana gaban jama'a kamar ɓarayin kaji? In mun je hukunci, in ba mu je ba hukunci. Ni dai tunda an riga an jiƙa, gara in yi wankan."

"Ke ba ki da ɗa a hannunsu!"

"Ƙanena yana hannunsu, Yaya. Kin fi kowa sani."

Nan magana ta ɓarke. Wannan ta ce a tafi, waccan ta ce a zauna, wata ta ce a koma masaƙa a jira. Suna katse juna, suna haɗa baki, muryoyinsu na sarƙewa don rashin sabo. Iya mai shara ta tafa hannu.

"Kai, 'ya'yan nan, kun cika min kunne. Ba ɗaga hannu muka iya ba? To a ɗaga. Masu son a tafi."

Hannuwa suka tashi, ba duka ba. Wasu sama, wasu ƙasa, wasu sun tsaya a rabi suna leƙen na kusa. A zauren taron masaƙa hannu tare yake tashi tare yake sauka, kamar haƙoran mataji. Matan suka tsaya suna kallon wannan baƙon abu, mai cikin ta ce a hankali, "Ashe ana iya haka?"

Uwar Tafi ta ga nata hannun a sama tare da na mai tabarau. Ɗakin Inna take tunani, da matakalar benen. Iya ta ce masu son a zauna su ɗaga, suka ɗaga, suka fi yawa nesa ba kusa ba.

"An kayar da ke, Shugaba," in ji Barkono, tana jiran ta ga abin da zai biyo baya.

"An kayar da ni," ta ce. Ta ji wani abu ya sauka daga kafaɗarta, har sai da ta dafa motar.

Mai tabarau ta zauna a matakin ƙofa tana share hawaye da gefen riga. "Duk a banza," ta ce. "Kafin gobe an san wadda ta ce kaza da wadda ta ce kaza. Ko Shugaba ta yi shiru, akwai kunne a cikinmu. Kowa ta sani."

Kowa ta kama kallon ƙafarta. Iya mai shara ta gyara tsayuwa ta yi tsaki.

"Ni ce kunnen. An kira ni ofis an ce in sa ido a kan Barkono. Duk wata sai in je in ce musu bakinta dai ba ya shiru, amma kan tsadar sabulu ne."

Barkono ta zaro ido. "Iya! Ni fa ke aka ce in riƙa lura da ke, wai masu shara suna jin komai!"

"Ni kuma mai tabarau aka ba ni," in ji wata daga baya.

Mai tabarau ta ɗago da jan ido ta dubi mai maganar. "Ni ke aka ba ni."

Sai ga shi kusan kowa da wadda aka damƙa mata, kowa kuma ta ɗauka ita kaɗai ce ke ɗauke da wannan ƙazanta a ciki. Wata ta yi shekara da shekaru tana gudun maƙwabciyar injinta don kunya, ashe ita ma waccan kunyar ce ke sa ta sunkuyar da kai. Baba Direba ya yi gyaran murya daga kan dutsensa.

"Ni Shugaba aka ba ni. Na ce musu ba ta magana a mota, sai dai gyangyaɗi."

Dariyar da ta tashi sai da ta sa wasu zama a ƙasa. Suna yi suna riƙe ciki, suna dukan kafaɗar juna, hawaye na zuba, ba a iya bambance mai kuka da mai dariya. Uwar Tafi ta ji wata irin ƙara na fita daga maƙogwaronta, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Sauran yinin ya wuce mata kamar a mafarki. Aka fito da fararen kwalayen aka shimfiɗa a kan ciyawa don laima, wasu suka mai da su mafici. Kowa ta kwance ƙullin guzurinta, burodi, dafaffen ƙwai, lemo, gyaɗa, aka haɗa a tsakiya. 'Yan matan suka tattare riguna suka shiga ruwa har gwiwa suna watsa wa juna. Baba Direba ya rufe fuska da hula ya yi barcinsa. Iska na kaɗa ciyawa, hasken ruwan na rawa a fuskokin mutane, lokaci ya ƙi tafiya.

Hira ta zaga. Wata ta ce ita burinta ta ga teku kafin ta mutu. Wata ta ce shagon ɗinki take so, ƙarami, mai labule shuɗi, ta buɗe sanda ta ga dama ta rufe sanda ta ga dama. Mai cikin ta shafa cikinta ta ce in namiji ne ba za ta sa masa sunan Jagora ba, ajinsu na makaranta ma da an kira sunan rabin yara ke waiwayowa. Iya ta ba su labarin lokacin da gari ke da jaridu har uku, suna zagin juna kullum, mahaifinta na sayen duka don ya ji daɗin faɗan. 'Yan matan suka saurara kamar tatsuniya.

Uwar Tafi ta kwanta rigingine, abin da rabonta da yi a waje tun tana yarinya. Gajimare na tafiya a hankali, har ta ji kamar ƙasar ce ke tafiya da ita. Wata ta zauna kusa da ita. Barkono ce, tana ɓare lemo.

"Da aka tafi da ƙanena," in ji Barkono ba tare da ta dube ta ba, "na ɗauka ke ce kika kai sunansa."

"Ba ni ba ce."

"Yanzu na sani."

"Amma da sun kira ni sun tambaye ni, wallahi ban san abin da zan ce ba."

Barkono ta ƙarasa ɓarewa. Sannan ta raba lemon biyu ta ɗora mata rabi a kan ciki. "Ci, ƙawata. Kin rame, usur ba ya ƙosarwa."

Da rana ta yi sanyi suka tattara kwalayen, duk sun yi kore da ciyawa. Baba Direba ya juya motar a filin bakin madatsar. Ba wadda ta ce ga abin da za a faɗa gobe. Mai tabarau ta zauna ita kaɗai a jikin taga, Iya ta je ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu har gari.

Garin da suka tarar wani iri ne. An kwashe shingayen. Mutane tsaye a ƙofar gidaje biyu-biyu, uku-uku, ba mai magana, amma kafaɗu na rawa. Wani mai gyaran keke ya cusa fuska a hularsa. Wata mata ta fito da bokiti, ta haɗa ido da maƙwabciyarta, ta koma ciki da gudu tana toshe baki.

Inna na zaune a bakin gado, idonta na ƙyalli.

"Rufe ƙofa, rufe ƙofa. An kai ni zauren ƙasa na kalla a talabijin. Aka busa ƙaho, fuska ta tashi, goshi, idanu, gashin baki, komai tsaf. Sai murmushin. Ɗiyata, giɓi! Baƙi ƙirin a tsakiya, kamar yaron da ya yi famfara. Mai ɗaukar hoton ya yi maza ya juya kan tuta, amma ina, an riga an gani. Sai muka ji wani abu kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Dariya ce, filin duka. Na ce ashe ɗan'uwana ne, shi ma tsotsa yake yi."

Uwar Tafi ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon. Ta so ta yi dariya, amma tunanin gobe ya hana ta. Inna ta dafa mata kai.

Washegari jarida ta fito da hoton fuskar, haƙora cif, fari tas. Rediyo ya ce gangami ya tafi ba tangarɗa. A masaƙa kuwa aka kira matan ɗaya bayan ɗaya zuwa wani ɗaki a saman ofis. Ita aka bari ƙarshe. Jami'in da ta tarar mutum ne mai fara'a, farcensa a gyare, har ya zuba mata shayi da hannunsa.

"Shugaba, ke tamu ce, ba sai mun wahalar da juna ba. Sauran duk sun yi bayani. Sun ce wata ce ta zuga su. Ina so kawai in ji sunan daga bakinki, ki koma bakin aikinki."

Ta kalli tururin shayin. Da jiya da safe ne, da ta yarda sun faɗa, don haka aka gina wurin, kowa ta san ta kusa da ita za ta sayar da ita. Yanzu kuwa ta ga fuskokinsu a bakin ruwa, ta san muryar kowacce in tana dariya.

"Ranka ya daɗe, shinge ne ya karkatar da mu, mota kuma ta tafasa."

"Kuma kuka wuni."

"Muka wuni."

Fara'ar ta ɗan dushe. Ya juya cokali a kofinsa ya ce, kamar da kansa yake, "Mata cike da mota, a ce duk bakinsu ɗaya." A nan ta gane babu wadda ta faɗi komai, har mai tabarau.

Amma dole a sami wanda za a ɗora wa. Kafin a tashi aiki aka zo aka tafi da Baba Direba, wai ya yi sakaci da dukiyar ƙasa. Ita kuma aka karɓe mata usur, aka tura ta sashen rini, aka ba su ita da Inna ɗaki ɗaya a can ƙololuwar bene. An raba matan sashen saƙa, an watsa su wurare daban-daban. Ɗan mai tabarau an mai da shi wani barikin kan iyaka. Jagora na nan a kan kujerarsa, lasifikoki na nan a kan turakunsu, an kawo sabuwar Shugaba mai sabon usur, ana tafi in ta busa.

Ranar tashinsu, tana tsaye tana tunanin yadda za ta hau da Inna, sai ga Barkono da wasu mata huɗu ko biyar, ba wanda ya aike su. Suka ɗora tsohuwar a kujera suka ɗaga ta, hawa bayan hawa, tana ta ba su umarni kamar sarauniya. Haka kuma aka riƙa samun mai leƙa matar Baba Direba, yau wannan da ɗan sukari, gobe waccan da sabulu, ba tare da an zauna an tsara ba.

Aikin rini da wuya. Tururi na cin ido, hannuwanta suka yi shuɗi har gwiwar hannu, ba sabulun da ke fitar da shi. Takan dawo a gajiye ta hau matakalar tana hutawa a kowane hawa. Amma tagar sabon ɗakin na kallon bayan gari, in gari ya yi haske Inna kan ce tana hango wani abu na sheƙi can ƙarshen sama, ta rantse ruwa ne.

Sai bayan damina ta wuce aka sako Baba Direba. Ranar hutu ita da Barkono suka je gaishe shi. Matarsa ta tare su a soro ta ce a hankali, "Ba ya son magana sosai yanzu. Kada ku tambaye shi labarin inda aka tsare shi." Yana zaune a ƙofar ɗaki inda rana ke sauka, ya zama rabin yadda suka san shi. Suka durƙusa suka gaishe shi. Ya dubi shuɗɗan hannuwan Uwar Tafi.

"'Yata, an ba ki aikin gaske ke nan."

"Baba, ka yafe mana. Mu muka wuni, kai ka biya."

"Ni ma ai na wuni. Barcin da na yi a bakin ruwan nan, ban taɓa yin irinsa ba. A can in abin ya yi tsanani, shi nake janyowa in rufa." Ya yi tari, ya numfasa. "Yarinyar nan mai ciki fa?"

"Ta sauka, Baba. Mace. Gidansu na nan bayan famfo, ba nisa."

"To ku kai ni in gan ta."

"Yanzu?" in ji matarsa. "Malam, ko tsakar gida ba ka iya zagawa!"

Ya riga ya miƙa hannu. Barkono ta kama dama, ita ta kama hagu, suka ɗaga shi, ba nauyi kamar kwando. Suka fito titi suna takawa a hankali, yana tsayawa yana duban kowane shago kamar baƙo. Matar ta biyo su da hularsa da takalminsa ɗaya da ya zame, tana faɗa tana ƙarawa, wai in ya faɗi kada wanda ya kira ta. Mai gyaran keke ya ga tahowarsu, ya janye kekunansa daga hanya, ya miƙe tsaye har suka wuce.